Ina za ka kai hotunanka: wurin tsofaffin dillalai ko kasuwar maikurostok?

Hoto ɗaya na iya kawo wa mai shi santi 10 (santi 100 ne dala ɗaya) a wani shafi, irinsa kuma ya kawo dala 100 a wani wurin. Kyan hoton yana da nasa tasiri, amma abin da ya fi yanke farashi shi ne irin lasisin da aka sayar, da wanda ya saya, da yarjejeniyar da mai hoton ya amince da ita tun kafin a yi ciniki. Mai ɗaukar hoto da ya tara dubban hotuna a kwamfuta, yake so su riƙa kawo masa dala, yana da ƙofa biyu a gabansa. Akwai tsofaffin dillalan hoto masu zaɓe da tsada, akwai kuma maikurostok, wato manyan shafukan da ke karɓar hoto daga kusan kowa su sayar da araha ga jama'a masu yawa. A ganina kuskure ne mutum ya zaɓi ƙofa ɗaya ya zuba duk abin da yake da shi. Hotuna ake rabawa, kowane rukuni da inda ya dace da shi, kuma wannan rabon kafin a ɗora hoto na farko ake yin sa, domin wasu matakan ba a komawa baya daga gare su.

Abin da ake sayarwa

A duka kasuwannin biyu haƙƙin mallakar hoton yana nan a hannunka. Abin da mai saye ke biya izinin amfani ne, kuma izinin iri biyu ne manya.

Na farko lasisi ne mai iyaka, wanda za ka ga an rubuta RM a shafukansu. Kamar hayar shago yake: ana faɗin wuri, a faɗi wa'adi, a faɗi abin da za a yi a ciki. A ce kamfanin buga littattafan makaranta yana son hotonka a rubu'in shafi, cikin littafi, kwafi 20,000, a Afirka ta Yamma, na shekara biyar. Da waɗannan abubuwa biyar ake lissafa farashi. In daga baya suka so ɗora shi a bangon littafin, ko suka sake bugu bayan wa'adi ya cika, sai sun sake biya. Tunda dillalin yana riƙe da tarihin duk inda hoton ya taɓa shiga, yana iya yi wa wani banki alkawarin cewa babu wani bankin da zai yi talla da wannan hoto a ƙasa kaza har shekara biyu. Babban kuɗin wannan sana'a a irin wannan alkawari yake.

Na biyu shi ne RF, lasisin da ake biya sau ɗaya. Mai saye ya biya yau, ya yi ta amfani da hoton a shafinsa, a takardar talla, a rahoton shekara, babu wa'adi kuma babu sake biya. Yana da 'yan iyakoki. A Shutterstock da Adobe Stock, manyan shafukan maikurostok, lasisin yau da kullum ya tsaya a kwafi 500,000 na bugu, kuma bai halatta a buga hoton a kan kayan sayarwa kamar kalanda ko riga ko kofi ba. Mai son haka sai ya sayi faɗaɗɗen lasisi, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba. Maikurostok gaba ɗayansa a kan RF aka gina shi.

Ga wurin da ba a komawa baya. Hoton da aka taɓa sayarwa a RF, ko sau ɗaya ne, ba ka san inda yake ba kuma ba ka da ikon janye shi. Ko ka goge shi daga shafin gobe, lasisin da aka riga aka saya yana nan daram. Saboda haka ba za ka ƙara iya yi wa kowa alkawarin keɓewa, wato cewa shi kaɗai zai yi amfani da shi, ba.

Yadda kasuwar ta kai nan

Mark Getty da Jonathan Klein sun kafa kamfanin dillancin hoto na Getty a 1995, suka yi ta sayen tsofaffin dillalai, irin su Tony Stone Images da The Image Bank. A wancan zamani shiga wurin dillali sai ƙwararre mai tarin aiki. A 2000 Bruce Livingstone ya buɗe iStockphoto (iStock a yanzu) a Kalgari ta ƙasar Kanada, inda kowa ke iya ɗora hoto a sayar da shi da 'yan kuɗi kaɗan. A 2003 Jon Oringer ya fara Shutterstock da hotuna kusan 30,000 da ya ɗauka da kansa, ya kawo tsarin biyan wata-wata: mai saye ya biya kuɗi ƙayyadadde ya sauke hotuna masu yawa. Kyamarar dijital ta yi araha, intanet ta yi sauri, sai kasuwar ta cika. Getty ya sayi iStockphoto a 2006 a kan dala miliyan 50. Adobe ya sayi Fotolia a kan kusan dala miliyan 800, ya mai da shi Adobe Stock a 2015. Corbis na Bill Gates, wanda shi ne babban kishiyar Getty, an sayar da taskarsa ga Visual China Group a 2016. A ƙarshen 2019 Getty ya sanar da daina sayar da hotunan talla a RM, ya koma RF daga 2020. A Janairun 2025 kuma Getty da Shutterstock suka sanar da shirin haɗewa.

Ma'anar wannan ga mai hoto ita ce katangar da ke tsakanin kasuwannin biyu ta zaizaye. Shiga Getty yau ba ya nufin kowane ciniki zai zama mai tsoka. Suna da yarjejeniyar sari da manyan kamfanoni, kuma kason da ke isowa ga mai hoto daga irin wannan ciniki kan zama ƙanƙani ƙwarai. Dillancin gargajiya na ainihi ya fi rayuwa yanzu a wurin ƙananan dillalai masu fanni ɗaya: Science Photo Library a kimiyya da likitanci, Nature Picture Library a namun daji da tsirrai, Robert Harding a tafiye-tafiye, Arcangel da Trevillion a bangon littattafai.

Lissafin kaso

A Yunin 2020 Shutterstock ya kawo tsarin matakai shida. Hotuna 100 na farko da aka sauke a shekara kasonka kashi 15 cikin 100 ne. Daga 101 zuwa 250 kashi 20, zuwa 500 kashi 25, zuwa 2,500 kashi 30, zuwa 25,000 kashi 35, sama da haka kashi 40. Mafi ƙarancin abin da ake biya a saukewa ɗaya santi 10 ne, kuma masu biyan wata-wata na manyan tsare-tsare kusan nan suke ajiye sabon shiga. Abin da ya fi ciwo shi ne ranar 1 ga Janairu kowa yana komawa mataki na farko, komai yawan cinikinsa a bara. Adobe Stock yana ba da kashi 33 a hoto, 35 a bidiyo, babu hawa da sauka. iStock yana ba wanda bai keɓe musu ba, wato mai sayarwa a wasu shafuka ma, kashi 15, wanda ya keɓe kuma daga 25 zuwa 45. Getty kansa kashi 20 yake bayarwa a hotunan RF na talla. Stocksy, wanda Livingstone ɗin nan ya kafa tare da abokan aiki a 2013 a matsayin ƙungiyar haɗin gwiwa ta masu hoto, yana ba da kashi 50 a lasisin yau da kullum da 75 a faɗaɗɗe, sai dai shiga da wuya, kuma duk hoton da ka ba su su kaɗai za su sayar da shi.

Alamy na Ingila yana tsakiya. An kafa shi a 1999, PA Media Group ya saye shi a 2020. Kowa na iya rajista kamar a maikurostok, amma ana sayar da RM da RF duka, kuma jaridu da masu buga littattafai na cikin manyan masu sayensa. A tsarin da suka kawo a 2021 yawancin masu hoto kashi 40 suke samu, wanda cinikinsa bai kai dala 250 a shekara ba kuma ya sauka zuwa kashi 20. Waɗannan alƙaluma duka suna sauyawa, kuma tarihi ya nuna ƙasa suka fi yi, don haka ka buɗe shafin yarjejeniyar kowane kamfani ka karanta na ranar da za ka yi rajista.

Ɗauki misali don a ga nauyin abin. In aka sayar da hotonka dala 80 a wurin da kasonka kashi 40 ne, ka samu dala 32. Kafin ka tara wannan da santi 10 sai an sauke hotunanka sau 320. Kallon farko sai ka ce magana ta ƙare. Amma cinikin dala 80 ɗin yana iya ɗaukar watanni bai zo ba, in ya zo kuma sai ka jira mai saye ya biya dillali kafin kuɗin ya zama naka, wani lokaci ma a soke cinikin bayan ka gan shi a lissafi. A maikurostok hoto mai farin jini ana iya sauke shi kowane mako shekara da shekaru. Saboda haka kada ka auna da farashin ciniki ɗaya. Ma'aunin da masu sana'ar ke amfani da shi shi ne abin da hoto ɗaya ke kawowa a shekara: ka tara duk abin da shafin ya biya ka cikin wata 12, ka raba da yawan hotunan da kake da su a can. Da wannan lamba kaɗai za ka iya kwatanta wuri da wuri.

Wane hoto, wace ƙofa

Tambayar da za ka yi wa kowane hoto ita ce: mutum nawa ne a duniya za su iya ɗaukar irinsa gobe, kuma mutum nawa ne ke neman sa?

Hoton da masu nema suke da yawa, kuma kowa na iya ɗauka, na maikurostok ne, in ma ya cancanci wahalar ɗorawa. Faɗuwar rana, fure, kofin shayi a kan tebur, hannu riƙe da waya a gaban farin bango: akwai miliyoyinsu, ana samun su kyauta a Unsplash da Pexels da Pixabay, yanzu kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna zana irinsu cikin daƙiƙoƙi. Ɗora irinsu ɓata data ne.

Hoton da masu nema suke da yawa amma masu kawowa kaɗan ne, shi ne ya fi biyan wahala a maikurostok, kuma a nan mai hoto da ke zaune a Kano ko Zariya ko Maraɗi yake da abin da na Landan ba shi da shi. Bankuna, kamfanonin sadarwa, ƙungiyoyin agaji da jaridun intanet kullum suna buƙatar hotunan rayuwar yau da kullum ta wannan yanki da mutanen gaske a ciki: mai POS yana miƙa wa mace rasit, likita sanye da hijabi tana duba awon jini, manomin rani yana tayar da injin ban ruwa, tela a kan keken ɗinki da fitilar sola, ɗalibai a gaban allo, tuwon shinkafa da miyar taushe da aka ɗauka da hasken taga. Kowane ɗaya ba zai kawo babban kuɗi a ciniki ɗaya ba, amma mai zanen talla a Legas da mai haɗa rahoto a Janeba duk suna iya sauke shi.

Sai rukuni na uku, wanda nake roƙon kada a yi gaggawa da shi: hoton da samun sa ke da wuya. Jahi a hawan Daushe da aka ɗauka daga wurin da ba kowa ake bari ya tsaya ba. Masunta dubbai suna afkawa ruwa a Argungu, bikin da ba kowace shekara ake yin sa ba. Aikin rini a marinar Ƙofar Mata daga jiƙa baba har zuwa bugu, mataki-mataki. Yaɓen hasumiyar masallacin Agadas. Kokawar takobi ta Nijar. Cikin zauren tsohon gida mai bakan gizo da zanen dagi. Masu neman irin waɗannan ba su da yawa, amma in sun zo ba su da zaɓi da yawa: editan mujalla, mai littafin tarihi, gidan adana kayan tarihi, mai shirin talabijin. Tun da UNESCO ta saka hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, dalilin neman hotunansa ya ƙaru. Irin wannan mai saye yana da kasafin biyan dala gommai ko ɗaruruwa. In ya tarar da hoton a tsarin biyan wata-wata zai sauke shi, kai kuma ka tashi da santi 10, alhali da a RM yake da ya biya farashinsa. Waɗannan ka ajiye su a RM a Alamy, ko ka nemi dillali mai fanni ɗaya, ko ka sayar kai tsaye daga naka shafin.

Kada ka saka hoto ɗaya a wurare biyu masu farashi mabambanta. Editan hoto ya san yadda ake binciken hoto da hoto a Google. In ya ga dala 150 a nan, ya ga hoton ko mai kama da shi a can da kuɗin wata-wata, ka san wanda zai ɗauka.

Keɓewa

Wannan kalma a yarjejeniya iri biyu ce, kuma rashin bambance su ya jefa mutane da yawa cikin matsala. Akwai keɓe hoto: hotunan da ka ba dillali shi kaɗai zai sayar da su, sauran aikinka ka kai inda ka so. Haka Getty da Stocksy suke. Akwai kuma keɓe mai hoto: duk hotunanka na RF ba za su shiga ko'ina ba sai wurinsu, kamar tsarin keɓewa na iStock.

Ko a keɓe hoto, ka lura da maganar hotuna 'yan uwa. In ka ɗauki mai ɗinkin hula sau 40 a zama ɗaya, dillali ya zaɓi 6, sauran 34 ɗin ba ka da damar kai su wani shafi, domin mutum ɗaya ne, wuri ɗaya, kaya ɗaya. Wanda ya karya wannan ana iya rufe masa asusu a riƙe kuɗinsa. Ka duba kuma wa'adin yarjejeniya. Ƙananan dillalai sau da yawa suna ɗaure hoto shekara uku zuwa biyar, kuma wa'adin na sabunta kansa in ba ka rubuta musu kafin ranar ba. Ka duba ko suna raba hotuna ga wasu dillalai a wasu ƙasashe, domin a irin wannan ciniki na can yana cire la'adarsa tukuna, sannan a raba ragowar da kai. Ka duba ko yarjejeniyar ta ba su damar ba da hotunanka don horar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira, da ko akwai maɓallin ƙin yarda. Ga sabon shiga shawarata ita ce kada ya keɓe kansa ga kowa kafin ya ga lissafin shekara guda.

Abin da ke sa a dawo da hoto

Shutterstock da Adobe Stock ba sa karɓar hoton da bai kai megafiksel 4 ba. Alamy yana son fayil da ya kai MB 17 in an buɗe shi, wato wajen megafiksel 6. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil na kyamara, ka gyara, ka fitar da JPEG a mafi girman inganci, da launin sRGB in maikurostok za shi.

Masu tacewa suna buɗe hoto a cikakken girmansa, kashi 100 cikin 100, kai ma haka za ka yi kafin ka tura, lungu-lungu. Hoton da ya yi kyau a fuskar waya yakan tona asirinsa a nan. Abu na farko saiti, wato inda hoton ya fi fita tangaran: ya faɗi a kan ido, ba a kan kunne ko rawani ba. Na biyu girgiza. In kana riƙe da kyamara a hannu, saurin ɗauka kada ya gaza tsawon gilashin, wato a 200mm kada ka sauka ƙasa da 1/200 na daƙiƙa, doki mai sukuwa kuwa sai 1/1000 ko fiye. Na uku yashi-yashin da ISO mai yawa (ƙarfin karɓar haske na kyamara) ke kawowa a inuwa da sararin sama. In ka matsa wajen goge shi, fata takan koma kamar roba, a dawo da hoton saboda wannan. Na huɗu shuɗi ko jan layi a gefen abubuwa masu haske, kamar farar babbar riga a rana tsaka, wanda maɓalli ɗaya a manhajar gyaran hoto ta Lightroom yake cirewa.

Na biyar ya fi damun masu aiki a ƙasar hunturu: ƙurar sensa, wato farantin cikin kyamara da ke ɗaukar hoton. Ka rufe gilashi zuwa f/16, ka ɗauki sararin sama ko farar takarda, ka buɗe a kwamfuta. Duk ɗigon da ka gani yana iya bayyana a hotunan da ka ɗauka tun ranar da ya shiga. Ka hure shi da famfon roba, kyamara na kallon ƙasa, kuma ka daina sauya gilashi a filin hawa ko bakin kasuwa. A Alamy wannan ya fi tsanani, domin ba sa duba kowane hoto. Suna ɗaukar samfuri, in ɗaya ya faɗi sai duk abin da ka tura a wannan zubin ya faɗi tare da shi.

Tsofaffin dillalai suna ƙara wata tacewa a kan wannan, ta ido da buƙata. Za ka aika samfurin aiki, edita ya duba, yana iya ɗaukar kaɗan daga cikin ɗaruruwa. A Getty ana nema ta manhajarsu da hotuna 3 zuwa 6, su ne kuma za su ce Getty za ka shiga ko iStock. Kada ka aika musu ɗan wannan da ɗan wancan. Ka aika aiki ɗaya mai zurfi da ke nuna kana da hanyar shiga inda wasu ba su da ita.

Takardar amincewa

Hoto ko na talla ne ko na labari. Na talla dole duk mutumin da ake iya gane shi ya sa hannu a takardar amincewa, ko da ba a ga fuskarsa ba in dai kaya ko wani tabo na iya nuna shi. Yaro kuma uba ko uwa ko mai riƙonsa ne zai sa hannu. Cikin gida ko shagon wani, da zanen wani mai zane, suna buƙatar takardar mai dukiya. Tambarin kamfani kowane iri ne dole a goge shi: lemar kamfanin waya a bayan mai shayi, rigar ƙungiyar ƙwallo, sunan da ke jikin babur mai ƙafa uku, lambar mota, rubutun buhun taki.

Na labari ba ya buƙatar takarda, amma ba a talla da shi, ba a goge komai a cikinsa, kuma sai da bayani cikakke: gari, ƙasa, kwanan wata, sannan wa ke yin me. Hawan Sallah, kasuwar Dawanau, dambe, duk a nan suke faɗawa, domin babu mai bin mutum ɗari biyar da takarda.

Takardun nan da Turanci suke zuwa, kuma nauyi ne a wuyanka ka bayyana wa mutum da Hausa abin da yake sa wa hannu. Ka gaya masa ƙarara cewa fuskarsa na iya fitowa a allon talla a garin da bai taɓa zuwa ba, cewa kai ba ka da ikon zaɓar wanda zai saya, kuma ba a janyewa. Lasisin manyan shafuka ya hana amfani da hoto ta hanyar ɓata suna, amma a RF ba ka ganin mai saye balle ka tsayar da shi kafin ya buga. Hoton matar aure ko budurwa da ya bayyana a tallar da danginta ba su so ba na iya tayar da rigimar da dala ba ta gyarawa. In akwai shakka, ka ɗauki hannuwa da aikin da suke yi, ko ka haƙura. Hotunan biki da na suna da aka biya ka ka ɗauka kuwa ba su shiga wannan kasuwa sai masu su sun sa hannu.

Kalmomin nema da karɓar kuɗi

Hoton da ba a iya nemo shi kamar babu shi ne. Shutterstock yana karɓar kalmomi 7 zuwa 50, Adobe Stock har 49, kuma goma na farko sun fi nauyi a wurinsa, don haka mafi muhimmanci su zo a gaba. Ka rubuta take da kalmomin a cikin fayil ɗin kansa, a sashen bayanan hoto (IPTC) na manhajar Lightroom ko Bridge, yadda duk shafin da ka ɗora zai karanta su ba sai ka sake bugawa ba. Da Turanci masu saye suke nema, to ka haɗa sunan abu na gida da bayaninsa: kilishi tare da kalmomin busasshen nama da yaji, hawan Daushe tare da Durbar, da sunan gari, jiha da ƙasa. Kada ka cusa kalmar da ba ta cikin hoton. Mutane za su gan shi su wuce, injin nema kuma ya tura shi baya. Wannan aiki yana cin mintoci a kan kowane hoto, ka saka shi cikin lissafin ribarka tare da kuɗin data.

Kamfanonin Amurka za su ba ka takardar haraji mai suna W-8BEN. Najeriya da Nijar da Gana ba su da yarjejeniyar harajin kuɗin shiga da Amurka, saboda haka ana cire kashi 30 cikin 100 daga cinikin da mai sayensa ke Amurka. In ka ƙi cike takardar ana iya cirewa daga cinikinka gaba ɗaya. Kowane shafi yana da adadin da sai ka kai shi kafin a biya ka, a Adobe Stock dala 25 ne. Ka buɗe hanyar karɓar kuɗi, irin su Payoneer, ka tabbatar tana aiki da bankinka kafin ka ɗora hoto ko ɗaya, kuma sunan da ke katin shaidarka ya zama shi ne a shafin hoto da asusun karɓar kuɗi, harafi da harafi.

In za ka gwada, ga tsarin da zan ba da shawara a kai. Ka ware hotuna 200 zuwa 300 na rayuwar yau da kullum masu takardar amincewa, ka ɗora su a Adobe Stock da Shutterstock ba tare da keɓewa ba. Ka ware wasu na labari da masu wuyar samu, waɗanda ba 'yan uwan na farko ba, ka saka su a RM a Alamy. Mafi kyawun aikinka guda 30 zuwa 50 ka riƙe su a gida, da su za ka ƙwanƙwasa ƙofar dillali mai fanni ɗaya. Ka riƙa ɗorawa kaɗan-kaɗan kowane mako maimakon zubi ɗaya. In kyamararka na ɗaukar bidiyo, ka ƙara gajerun yanka na daƙiƙa 10 zuwa 20 a kan ƙafar kyamara a duk inda ka je, domin farashinsu ya fi na hoto kuma masu kawo su daga yankinmu sun fi ƙaranci. Ka buɗe jadawali mai layi ɗaya ga kowane hoto: sunan fayil, inda aka ɗora, irin lasisi, lambar takardar amincewa. Bayan wata 12 ka raba kuɗin kowane shafi da yawan hotunansa, ka ba ɓangaren RM ƙarin wata shida saboda jinkirin cinikinsa, sannan ka yanke inda sabon aikinka zai nufa.